Idan Kwamfutarka Ta Ƙi Tashi: Yadda Ake Ceto Fayiloli Da Yin Kwafin Ajiya

Tambayar tana zuwa ta fuskoki da yawa, amma ita ce dai guda ɗaya: kwamfuta ta ƙi tashi, yaya za a ceto fayilolin da ke cikinta? Wani ya ce allo ya koma shuɗi ya ƙi gaba ya ƙi baya, wata ta ce laftof ɗinta tana kunnuwa amma tambarin kamfani kawai take nunawa, wani kuma ya riga ya kai gyara an yi wa kwamfutar fomatin, sai yanzu yake cigiyar hotunan iyali da aikin kammala karatu. Na ƙarshen nan shi ne abin tausayi, domin sau da yawa fayilolinsa suna nan lafiya lau har zuwa lokacin da aka fara "gyara".

Don haka ka riƙe wannan tsari tun daga farko: fayiloli ake fara fitarwa, sannan a waiwayi kwamfuta. In rufin ɗaki yana yoyo, kaya ake fara kwashewa kafin a hau sama da guduma. Zan fi yin magana kan Windows 10 da 11, masu Mac kuma zan nuna inda hanyarsu ta rabu da ta sauran.

Abin da za ka tanada

Kana bukatar wata kwamfuta mai lafiya da ke da intanet, ko da ta aro ce. Sai filash da bai gaza 8GB ba, wanda babu abin da kake so a cikinsa, domin za a goge shi kaf. Sai faifan ajiya na waje da zai ɗauke duk fayilolinka har ya rage wuri. Idan abin ya kai ga buɗe kwamfutar, za ka nemi ƙaramin sukudireba da adafta mai haɗa faifan ciki da USB. Duk manhajojin da zan ambata kyauta ne. Kuɗin da za ka kashe na faifan waje ne da adafta, kuma faifan zai ci gaba da yi maka aiki bayan an gama.

Mataki na 1: Ɗauke hannu, ka kasa kunne

Kafin ka danna komai, ɗauki hoton allon da wayarka. Shuɗin allo, wanda a sababbin fitowar Windows 11 ya koma baƙi, yana rubuta sunan matsalar a ƙasa, irin su INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE ko MEMORY_MANAGEMENT ko CRITICAL_PROCESS_DIED. Na farkon yana nuni ga faifai ko hanyar isa gare shi, na biyun yakan nuna RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita lokacin da take kunne. Sannan ka tuna abin da ya faru na ƙarshe. Ta faɗi ƙasa ne? Wuta ce ta ɗauke ana tsakiyar sabunta Windows? Ko wata manhaja ka saka?

Yanzu kara kunnenka a jikinta. Faifan ajiya iri biyu ne. Akwai HDD mai faranti da ke juyawa a ciki da allura mai karantawa, akwai kuma SSD wanda babu abin da ke motsi a cikinsa. Idan taka mai HDD ce kuma kana jin ƙas-ƙas-ƙas a jere, ko ƙarar karta, ko faifan ya fara juyawa ya tsaya ya sake farawa, kashe ta nan take.

Gargaɗi: faifai mai wannan ƙara, duk kunnawa ɗaya ƙarin ɓarna ce, domin allurar na iya kankare farantin da bayananka ke kai. Tsallake kai tsaye zuwa bayanin faifai mai ƙara da ke dab da ƙarshen mataki na 6. Haka nan in ruwa ya zube mata ko kana jin ƙaurin ƙonewa, cire caja, ka kashe, kada ka kunna "don ka gani ko tana yi".

Mataki na 2: Kawar da ƙananan dalilai

Wannan ba ya cin lokaci. Cire duk abin da ke jone da ita, filash, firinta, katin memori, linzami. Cire caja, in batir mai fita ne ka cire shi, ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30, sannan ka mayar ka gwada. Gwada wata cajar da wani soket. Idan fanka tana juyawa amma allo baƙi ƙirin, danna Caps Lock ka ga ko ɗan fitilarsa na kunnuwa yana mutuwa. In yana yi, kwamfutar na da rai, wataƙila allon ne ya mutu. Haɗa ta da talabijin ko wani allo ta wayar HDMI ka kwashe kayanka a tsanake.

Mataki na 3: Nemo makullin BitLocker tun yanzu

BitLocker shi ne tsarin Windows mai kulle faifai. Mutane da yawa ba su san faifansu a kulle yake ba sai ranar da aka tambaye su makulli. Kwamfutoci da dama na zamani suna kulle faifai da kansu da zarar ka shiga da asusun Microsoft, kuma daga fitowar 24H2 ta Windows 11 abin ya ƙara yaɗuwa. Makullin lambobi 48 ne. Daga wayarka ko wata kwamfutar, shiga account.microsoft.com/devices/recoverykey da asusun da aka saita kwamfutar da shi, ka kwafe lambobin a takarda. Idan ta wurin aiki ce ko ta makaranta, makullin yana hannun masu kula da kwamfutocinsu. Idan wani ne ya saita maka ita da nasa asusun, to yana cikin asusun nasa.

Gargaɗi: in faifai a kulle yake kuma makulli ya ɓata, babu mai gyaran da zai buɗe shi, kuma Microsoft ma ba ta iya ƙirƙiro maka wani. Kada ka taɓa saitin BIOS, wato saitunan da ake shiga kafin Windows ta tashi, musamman na tsaro irin su Secure Boot da TPM, sai makullin yana hannunka, domin canza su kaɗai na iya sa kwamfutar ta fara tambayarsa. A Mac, abin da ke yin wannan aiki FileVault ne, kuma kalmar sirrin shiga kwamfutar ita ke buɗe shi.

Mataki na 4: Isa ga fayilolin

Nan ne zuciyar aikin. Hanyoyi uku ne, ka fara da mai sauƙi.

*Hanya ta farko, ta cikin Windows ɗin kansa.* Kunna kwamfutar, da zarar tambari ya bayyana ka danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Maimaita haka sau biyu, a na uku za ta shiga shafin gyara da kanta. Zaɓi Advanced options, sai Troubleshoot, sai Advanced options kuma, sai Startup Settings, sai Restart, sannan ka danna 4. Wannan shi ne Safe Mode, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai. In ta shiga, jona faifan waje ka fara kwafi. Kada ka tsaya binciken abin da ya lalace, ba ka san ko za ta sake ba ka wannan damar ba.

Idan Safe Mode ya ƙi, akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba. A cikin Advanced options zaɓi Command Prompt, ka rubuta notepad ka danna Enter. In ya buɗe, shiga File, sai Open, ka canza nau'in fayil zuwa All Files. Wannan ƙaramar tagar za ta nuna maka faifan ciki da na waje, kuma kana iya danna dama a kan folda ka yi Copy ka kai ɗaya gefen ka yi Paste. Ba za ta nuna maka yadda kwafin ke tafiya ba, za ta yi kamar ta sandare, ka yi haƙuri ka bar ta. Kuma a nan harafin faifai kan canza, wanda ka sani da C yana iya fitowa a D ko E.

*Hanya ta biyu, tayar da ita daga filash.* Wannan ita na fi yarda da ita, domin ba ta dogara da Windows ɗin da ya lalace ba ko kaɗan. A kwamfuta mai lafiya, sauke Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta irin Windows, daga ubuntu.com, ka sauke manhajar Rufus, ka yi amfani da shi ka ɗora Ubuntu a kan filash. Soka filash ɗin a kwamfutar da ta mutu, ka kunna kana danna maɓallin zaɓen inda za ta tashi: F12 a yawancin Dell da Lenovo da Acer, F9 a HP, Esc a yawancin laftof na Asus. Zaɓi filash ɗin. Idan ya buɗe zai ba ka zaɓi biyu.

Gargaɗi: Try Ubuntu za ka zaɓa. Install Ubuntu yana iya shafe faifanka gaba ɗaya. Karanta sau biyu kafin ka danna.

Buɗe manhajar Files, ka nemo faifan ciki ta girmansa, ka shiga Users, sannan foldar da ke ɗauke da sunanka. Wani lokaci Ubuntu zai ce karatu kawai zai iya yi a faifan, ba zai iya rubutu ba, saboda Windows bai rufe da kyau ba. Babu laifi, dama karatun muke so.

*Hanya ta uku, fito da faifan.* Idan kwamfutar ba ta kunnuwa sam, to galibi wuta ce ko babban allon ciki ya samu matsala, faifan kuwa ƙalau yake. Cire caja da batir, kwance murfin ƙasa, ka dubi irin faifan kafin ka sayi adafta. Na laftof mai faɗin inci 2.5 adaftar SATA zuwa USB ta ishe shi. Na babbar kwamfutar tebur mai inci 3.5 yana bukatar adafta mai nata wutar daban. Siririn nan da ake kira M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma gidan ɗaya ba lallai ya karɓi ɗayan ba, sai ka karanta abin da ke rubuce a jikinsa. Wasu ƙananan laftof da sababbin Mac faifansu a liƙe yake da allon ciki, ba ya cirewa. Idan kwamfutar tana cikin garanti, duba sharuɗɗansa kafin ka kwance ko ƙusa ɗaya.

Jona faifan da kwamfuta mai lafiya. In ta ce ba ka da izinin shiga foldar, danna Continue ka jira. In ta nemi makullin BitLocker, ga amfanin mataki na 3.

Gargaɗi: in saƙo ya fito cewa sai an yi wa faifan fomatin kafin a yi amfani da shi, danna Cancel. Wannan saƙon ya cinye fayilolin mutane ba adadi.

Masu Mac mai injin Apple, wato M1 zuwa sama, ku danne maɓallin kunnawa har zaɓuɓɓuka su fito, ku shiga Options, sai Utilities, sai Share Disk, ku haɗa ta da wata Mac ta waya. A tsofaffin masu Intel, riƙe harafin T lokacin kunnawa yana mayar da ita kamar faifan waje.

Mataki na 5: Me za ka kwasa, kuma wanne ne farko

Faifan da ya fara ciwo yana iya mutuwa ana tsakiyar kwafi, saboda haka kada ka ja foldar Users gaba ɗaya ka tafi barci. Fara da abin da ba shi da madadi a duniya: takardun aiki da na karatu, hotuna da bidiyon iyali, lissafin kasuwanci, takardun shaida da ka yi wa sikanin. Finafinai da waƙoƙin da ka sauke daga intanet su zo ƙarshe, in ma an bar su ba a yi asara ba.

Bi Desktop da Documents da Pictures da Videos, kuma kada ka manta Downloads, inda mutane ke barin muhimman takardu ba su sani ba. Duba ko akwai wani ɓangaren faifai, D ko E. Akwai kuma ɓoyayyiyar folda mai suna AppData a cikin foldar sunanka, sai ka kunna nuna ɓoyayyun fayiloli za ka gan ta. A can manhajar imel ta Thunderbird ke ajiye wasiƙu, burauza kuma ke ajiye jerin shafukan da ka adana. Masu Outlook su nemi fayiloli masu ƙarewa da .pst. Kalmomin sirrin da Chrome ko Edge suka riƙe maka a ɗaure suke da asusun Windows ɗin, kwafe foldar ba zai dawo da su ba, sai dai in dama kana shiga burauzar da asusunka.

Idan ka ga foldar OneDrive da fayiloli masu alamar gajimare, sunayensu ne kawai a kwamfutar, ainihinsu yana onedrive.com.

Yi Copy, kada ka yi Cut. In an gama, danna dama a kan foldar asali da kwafinta, ka shiga Properties ka gwada yawan fayiloli da girmansu. Sannan ka buɗe wasu daga cikin kwafin da idonka, hoto da takarda da bidiyo.

Mataki na 6: Idan fayilolin sun riga sun goge

Fara da wurare masu sauƙi: Recycle Bin, da kwandon shara na OneDrive ko Google Drive. Idan an sake saka Windows ba tare da fomatin ba, duba C ko akwai folda mai suna Windows.old, tsofaffin fayilolinka suna ciki ƙarƙashin Users. Yi sauri, Windows kan goge ta da kansa bayan kwana 10. Takardar Word da wuta ta ɗauke ba ka adana ba, shiga File, sai Info, sai Manage Document, sai Recover Unsaved Documents.

In ba a nan suke ba, ga yadda abin yake. Idan aka goge fayil a HDD, sunansa kawai ake cirewa daga rajista a ce wurinsa ya zama fili, bayanan suna nan har sai an rubuta wani abu a kansu. Shi ya sa duk minti ɗaya da kwamfutar ta yi tana aiki, har da shiga intanet kawai, yana rage maka rabo. Kashe ta, ka haɗa faifan da wata kwamfutar kamar yadda aka yi a hanya ta uku, ka yi binciken daga can.

Cikin manhajojin ceto fayiloli, Recuva ita ce mai sauƙi ga sabon hannu. PhotoRec ba ta da kyan gani, amma tana tono sosai ko bayan fomatin. Aibinta shi ne fayilolin za su dawo babu sunayensu na asali, sai ka zauna ka tantance. TestDisk, wadda suke zuwa tare, tana dawo da ɓangaren faifai da ya ɓace. Microsoft ma tana da Windows File Recovery. Ban ga dalilin biyan kuɗin wata manhaja ba kafin a gwada waɗannan.

Gargaɗi: kada ka saka manhajar a kan faifan da kake ceto, kuma kada ka ajiye abin da ta samo a kansa. Yin haka rubutu ne a kan ainihin abin da kake nema.

A SSD labarin bai da daɗi. Akwai wani umarni da ake kira TRIM wanda ke sa faifan ya share wurin da aka goge ba da jimawa ba, don haka abin da aka goge a SSD da wuya ya dawo. Gwadawa ba laifi, amma kada ka sa rai da yawa.

Faifai mai ƙara, ko wanda kwamfuta ba ta gani sam, aikin ƙwararrun ceto bayanai ne, masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga. Kada ka buɗe shi, tazarar allura da faranti ta fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kada ka sa shi a firiza kamar yadda ake yaɗawa, raɓa ce za ta shige shi. Kada ka buga shi. Aikin yana da tsada, yana iya kai kuɗin sabuwar kwamfuta ko ya wuce, saboda haka ka auna darajar abin da ke ciki. Kafin ka miƙa, tambayi ko za su ba ka farashi a rubuce, ko za ka biya in ba a samu komai ba, kuma ko za su nuna maka jerin fayilolin da suka samo kafin ka biya. Wanda kawai zai jona faifan ya kunna Recuva, wannan kai ma ka iya.

Idan kuwa fayilolin suna nan amma sun ƙi buɗuwa, sunayensu sun canza, ga saƙo ana neman kuɗin fansa, to bairos mai garkuwa da fayiloli ne. Cire kwamfutar daga intanet, kada ka jona mata faifan ajiyarka, ka duba nomoreransom.org, shafin da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da 'yan sandan Holan da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, inda ake samun makullan wasu nau'o'in kyauta. Shi kuma saƙon da ke cika allo da lambar waya yana cewa ka kira Microsoft, damfara ce. Saƙon kuskure na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya.

Mataki na 7: Yanzu sai gyara

Fayiloli sun tsira, to yanzu ka yi duk gwajin da kake so. Fara da lafiyar faifan, ta manhajar CrystalDiskInfo. In ta rubuta Good, ci gaba. In ta rubuta Caution ko Bad, sayi sabon faifai, kada ka ɓata lokaci kana ɗora Windows a kan wanda ke hanyar mutuwa. Umarnin chkdsk, mai binciken kurakuran faifai, shi ma a bar shi sai bayan kwafi, domin yana wahalar da faifai mai rauni.

A shafin gyaran nan na mataki na 4, bi su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Startup Repair da farko. Sai Uninstall Updates, in matsalar ta biyo bayan sabuntawa. Sai System Restore, wanda ke mayar da saituna da manhajoji baya ba tare da taɓa takardunka ba, sai dai a kwamfutoci da yawa a kashe yake tun asali. In kana iya shiga Windows, buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, in ya gama ka rubuta sfc /scannow, su biyun suna gyara fayilolin Windows da suka lalace. Idan duk ba su yi ba, sai Reset this PC. Zaɓin Keep my files yana barin fayiloli ya cire manhajoji, Remove everything kuwa sunansa ya faɗi aikinsa. Na ƙarshe shi ne saka Windows sabo fil daga filash da aka haɗa da Media Creation Tool na Microsoft. A wurin zaɓen faifai, cire faifan ajiyarka daga jikin kwamfutar tukuna, don kada hannu ya kuskure.

In bayan sabon Windows shuɗin allo bai daina ba, matsalar ta ƙarfe ce. Rubuta mdsched a wurin bincike don gwada RAM, ka kuma duba ko ƙura ta toshe fanka tana sa ta zafi. Ga mai Windows 10, ka sani Microsoft ta daina tallafa masa na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, in kwamfutarka za ta ɗauki 11 wannan ne lokacin ƙaura.

Mataki na 8: Kwafin ajiya a faifan waje

Ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi ana ce mata 3-2-1: kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban da inda kwamfutar take. Ga mutum ɗaya ma'anarsa ita ce kwamfutar, faifan waje, da ma'ajiyar intanet. Fayil da ka kwashe daga kwamfuta ka mayar faifan waje ka goge na asali, har yanzu kwafi ɗaya gare ka.

Sayi faifan da ya ninka abin da kake da shi aƙalla sau biyu, domin a samu wurin tsofaffin kwafi. HDD ya fi araha a kan kowane GB kuma ya isa wannan aiki. SSD ya fi sauri da jure faɗuwa, ya fi tsada. Filash na kai fayil daga nan zuwa can ne, ban yarda a mai da shi ma'ajiya ba: yana ɓata, yana mutuwa babu sallama, ga jabu masu nuna girman da ba su da shi. Manhajar H2testw tana tona asirin irin waɗannan.

A Windows, jona faifan, ka buɗe Control Panel, sai System and Security, sai File History, ka danna Turn on. Yana ɗaukar kwafin abin da ya canza duk awa ɗaya, kuma yana riƙe tsofaffin siffofin fayil, wato in ka ɓata takarda yau kana iya dawo da ta jiya.

Gargaɗi: File History manyan foldojin asusunka yake bi. Foldar da ka ƙirƙira a D ko a wani lungu ba ta ciki, sai ka danna dama a kanta ka zaɓi Include in library. A Windows 11 zaɓin yana ƙarƙashin Show more options.

A Mac, Time Machine ne, kuma ya fi cika aiki domin yana ɗaukar kusan komai. Yana riƙe kwafin kowace awa na sa'o'i 24, na kowace rana na wata guda, sannan na kowane mako har faifai ya cika. Zai nemi ya goge faifan ya tsara shi yadda yake so, don haka ba shi wanda babu komai a ciki. Faifan da za a riƙa kaiwa tsakanin Windows da Mac a yi masa tsarin exFAT. A guji FAT32, ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB.

In kwafi ya gama, cire faifan ta hanyar Eject ka adana shi. Wanda ke jone dare da rana, duk abin da ya samu kwamfutar zai same shi, ko bairos ne ko wuta mai ƙarfi. Kuma kada ya zauna a jaka ɗaya da laftof, ɓarawo ba ya raba su. Tsayar da rana ɗaya a mako, ka sa wayarka ta tuna maka.

Mataki na 9: Kwafi a intanet

Google yana ba da 15GB kyauta, amma Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa. OneDrive da iCloud 5GB kowanne, Dropbox 2GB. Wannan ya ishi takardu, bidiyo ne ke cinye wuri. In ba za ka biya kuɗin wata-wata ba, ware folda ɗaya ta abubuwan da ba ka iya rasawa ka ɗora ta, sauran su tsaya a faifan waje. Ɗorawar farko ce mai cin data da lokaci, bayanta abin da ya canza kawai ke tafiya.

Gargaɗi: waɗannan manhajoji daidaita ɓangarori biyu suke yi. Ka goge a kwamfuta, ya goge a can. Fayil ya lalace a nan, lalataccen ne zai hau. Abin da ke cetonka shi ne kwandon shararsu, wanda a asusun mutum ɗaya yakan riƙe abu kwana 30. In ba ka lura ba har wa'adin ya wuce, sai faifan waje.

Kunna tabbatarwa mai mataki biyu a asusun, ka kwafe lambobin gaggawa da za su ba ka a takarda, ka haɗa su wuri ɗaya da makullin BitLocker. Takardun sirri, irin na banki da na shaida, ka ɗaure su da manhajar 7-Zip ka sa kalmar sirri da tsarin AES-256 kafin ka ɗora. Asusun da ka buɗe don ajiya kawai ka riƙa leƙa shi, domin Google na iya rufe wanda ya shekara biyu ba a taɓa ba, da duk abin da ke cikinsa.

Mataki na 10: Gwada dawo da fayil

Yi wannan a ranar da ka gama saiti. Ƙirƙiri wata takarda a Documents, jona faifan, ka danna Run now a File History, sannan ka goge takardar har daga Recycle Bin. Koma File History ka zaɓi Restore personal files, nemo ta, ka danna koren maɓallin da ke ƙasa. A Mac, shiga Time Machine daga foldar ka ja baya ka danna Restore. Sannan daga wayarka shiga ma'ajiyar intanet ka sauke fayil ɗaya ka buɗe.

Maimaita gwajin duk bayan 'yan watanni, kana duba ranar kwafi na ƙarshe, domin File History kan tsaya shiru in faifai ya cika ko harafinsa ya canza. Shi kuma tsohon faifan da ka cire, ajiye shi a aljihun tebur har sai ka tabbata babu abin da ka manta a ciki. In za ka rabu da shi, mai lafiya a shafe shi da cikakken fomatin, a cire alamar da ke kan Quick Format, wanda ya lalace kuma a huda shi da abin huda ƙarfe kafin a kai wurin masu karɓar tsofaffin kayan lantarki.